Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da Na Sa wa Hannu a Bayan Kanta

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba daga shekarar da aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki, amma da na zauna zan rubuta sai na ga ba zan iya tsallake maganar bashin ƙanena ba, domin har yau akwai masu ba da labarin a cikin dangi ba yadda ya faru ba, kuma na san wasunsu suna karanta abin da nake rubutawa. Su ne masu cewa ai ni na tsaya masa, saboda haka abin da na biya nauyi ne da na ɗora wa kaina. Ban tsaya masa ba, kuma takardar farko tana nan a hannuna har gobe.

Kawu, Allah ya jiƙansa, bai yi karatun boko ba, amma ban taɓa ganin wanda yake girmama takarda kamarsa ba. Idan aka kawo masa abin da zai dangwala wa yatsa, sai ya ninke ya sa a aljihu, ya ba mutum ɗaya ya karanta masa yau, gobe kuma ya nemi wani dabam wanda bai san na farkon ba, sai maganarsu ta zo ɗaya sannan ya nemi tawada. Idan aka yi masa ƙorafin ɓata lokaci, amsarsa ɗaya ce: “Kada hannunka ya riga idonka.” Mun ji wannan magana tun muna yara har ta daina shiga kunnenmu.

Ranar da ƙanena ya zo wurin aikina da takardar kayan da ya karɓa bashi a hannun wani ɗan kasuwa, na yi abin da Kawu ya koya mana. Na karanta ta daga sama har ƙasa sau biyu. Wurin sa hannu uku ne a jikinta: na mai kaya, na mai karɓa, da na shaida. Na tambaye shi a gaban mai kayan, na ce shaida kawai ake nema ko mai tsayawa, dukansu suka ce shaida, na sa hannu a layi na uku, aka ba ni kwafi.

Bayan wata takwas sai ƙanena ya ɓace, babu wanda ya san inda ya nufa. Wata safiya ina shirin fita aiki mai kayan ya iso ƙofar gidana da jami'an tsaro biyu. Suka tambaye ni ina yake, na ce ban sani ba, babban cikinsu ya ce, “To, Malam, zo mu je ka yi bayani, yanzu za ka dawo.” Da muka isa aka karɓi agogona da ɗamarar wandona da takalmina, aka rubuta su a wani littafi, aka tura ni bayan kanta. Kwana uku na yi a wurin. Babu wanda ya gaya mini laifin da ake tuhumata da shi, ni kuma ban tambaya ba, domin a lokacin ban san cewa tambayar tana cikin haƙƙina ba. Na ɗauka duk wanda ya shiga hannu sai dai ya yi haƙuri ya jira abin da za a yi da shi. Abin da aka riƙa maimaita mini kawai shi ne, idan ƙanena ya fito ni ma zan fita.

A rana ta uku Yaya ya zo. Aka fito da ni babu takalmi, aka ajiye wata takarda rubutun hannu a kan kanta, jami'in ya ɗora tafinsa a kan rabinta na sama, ya nuna mini ƙasa da bakin biro. Na ce ina so in karanta. Yaya ya matso kusa da kunnena ya ce, “Kai, ka sa hannu mu tafi. Inna ba ta runtsa ba tun ranar da aka tafi da kai.” Wallahi maganar Kawu ta faɗo mini a rai a daidai lokacin da biron yake hannuna, na ji ta kamar yana tsaye a bayana, amma na sa hannu. Sai daga baya aka karanta mini cewa na ɗauki bashin gaba ɗaya a kaina, zan riƙa biya wata-wata. Na nemi kwafi, aka ce babu buƙata.

Shekara huɗu na yi ina biya, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina duk wata. Ba zan tsaya a kan waɗannan shekaru ba, maiɗakina ta san yadda aka yi su, ita da yaran da aka mayar gida daga makaranta sau biyu.

Wadda aka fi mayarwa gida a cikinsu, 'yata ta fari, ita ce Allah ya nufa ta karanta shari'a. Tana shekarar ƙarshe a jami'a ta zo neman takardar haihuwarta a jakar da nake ajiye takardu, sai ta ci karo da kwafin nan na farko. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, “Baba, a ina ka tsaya masa a nan?” Na ce ban tsaya masa a nan ba, a wata takardar ce. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta sa na ba ta labarin duka, kuma a daren ne na fara jin abin da ya kamata in sani tun kafin a haife ta.

Ta ce shaida da mai tsayawa abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Shaida yana tabbatar da cewa a gabansa aka yi yarjejeniya kuma waɗannan mutane ne suka sa hannu, iyakar nauyinsa ke nan. Mai tsayawa kuwa shi ne wanda ya yi alkawari da bakinsa da hannunsa cewa idan mai bashi ya gaza shi zai biya, kuma wannan alkawari sai an yi shi a fili, ba a ƙaƙaba wa mutum shi don kawai jini ɗaya suke da mai bashin. Ta ce bashi tsakanin mutum da mutum wurinsa kotu, inda mai kaya zai kai ƙarar wanda ya ci masa kaya. Ta buɗe mini Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan Haƙƙin Jama'a da na Siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ta fara aiki a 1976, kuma ƙasashe fiye da 170 suka shiga cikinta. Sashe na 11 ya hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka a yarjejeniya. Sashe na 9 ya ce a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi tun a lokacin kamun, a gaggauta kai shi gaban alƙali idan laifi ake tuhumarsa da shi, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin neman diyya. Na ce mata to idan ƙanena da niyyar zamba ya karɓi kayan fa, ai zamba laifi ce. Ta ce ko da haka ne, laifin nasa ne shi kaɗai, kuma Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 ta faɗa a sashe na 7 cewa hukunci a kan mai laifi kaɗai yake sauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai fito daga littattafanta ba. Na daɗe da sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, na sha karanta ta, amma sai a wannan dare na lura cewa a cikinta aka hana a cutar da marubuci ko shaida. Ni ne na yi shaidar, kuma Yaya ya fi ni sanin ayar.

Ba na cewa mai kayan ba shi da gaskiya a kan dukiyarsa. An ci masa kaya, kuma duk wanda aka ci wa kaya zai nemi inda zai kama. Amma ƙofar da ya bi ba tasa ba ce, waɗanda suka buɗe masa ita kuma sun san haka, shi ya sa aka rufe rabin takardar da tafin hannu, shi ya sa aka hana ni kwafi. Na tambayi 'yata ko akwai abin da za a iya yi. Ta ce takardar da aka sa mutum ya sa wa hannu bisa tilas, yana tsare, kotu tana iya rushe ta, da a ce na je da wuri. Amma na yi shekara huɗu ina biya ban ce uffan ba, wasu shekarun kuma sun biyo baya, ga shi doka tana ƙayyade lokacin da ake shigar da irin wannan ƙara, kwafin da zan nuna ma babu. Hannuna ya riga idona sau ɗaya, a cikin ɗan lokacin da bai kai na alwala ba, kuma Kawu bai taɓa gaya mana cewa sau ɗaya ya isa ba.

Bara aka tafi da ɗan maƙwabcina a madadin yayansa da ake nema, uban ya zo mini hankali a tashe. Na bi shi, na tsaya a gaban kanta da ladabi, na ce ina so in san laifin da shi wannan yaron ya yi da kansa, ina so in san yaushe za a kai shi gaban alƙali, kuma ba zai sa hannu a komai ba sai lauya ya karanta. Ban ɗaga murya ba. Kafin la'asar muka dawo da shi gida. A hanya uban yana ta godiya, ni kuwa tunanin da nake yi shi ne da Yaya ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a wancan ranar.

Yaya yana cewa tausayin Inna ne ya sa shi, kuma na yarda har ga Allah ba da mugunta ya yi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda daga baya ya zama shi ne kan gaba wajen gaya wa dangi cewa ni na tsaya wa yaron, alhali a gabansa aka rufe takardar.

Ƙanena ya dawo ranar sadakar ukun Inna, bayan shekara tara. Ya durƙusa ya ce, “Yaya, ya ƙarin haƙuri?” Na amsa masa. Daga wannan rana zuwa yau mun haɗu a wurin suna da ɗaurin aure ba adadi, bai taɓa tambayata yadda aka ƙare da mai kayan ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba. Maganar ƙarin girma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.