Kwibek da Dokar Al'adu Daban-daban ta Kanada

Jam'iyyar Bloc Québécois ta daɗe tana kai ƙudiri gaban majalisar dokokin Kanada da ke Ottawa, tana neman a tsame lardin Kwibek daga dokar al'adu daban-daban ta 1988. Pierre Paquette ya gabatar da irinsa a 2008, Luc Thériault ya sake kawo shi a 2020, kuma duk an kayar da su a ƙuri'a. Taƙaddamar ta girmi dokar kanta, domin tun a 1971, lokacin da Firayim Minista Pierre Trudeau ya shelanta manufar al'adu daban-daban, wato gwamnati ta amince da al'adun dukan al'ummomin ƙasar ta kuma kāre su, shugaban gwamnatin Kwibek Robert Bourassa ya nuna rashin amincewarsa.

Hujjar masu ƙudirin tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Mutanen Kwibek kimanin miliyan 9 ne, akasarinsu masu jin Faransanci, a cikin nahiyar da Turanci ya mamaye kasuwa da talabijin da intanet. A ganinsu, manufar Ottawa ta mayar da su ƙabila ɗaya cikin ƙabilun baƙi, alhali majalisar tarayya da bakinta ta amince a 2006 cewa su al'umma ce a cikin Kanada. Abin da suke so shi ne baƙo ya riƙe al'adarsa, amma ya shiga zauren jama'a da harshen Faransanci, tsarin da kwamitin Bouchard da Taylor, wanda gwamnatin Kwibek ta kafa, ya ba da shawararsa a 2008.

Sai dai idan aka duba abin da ƙudirin zai canza a aikace, kaɗan ne ƙwarai. Dokar 1988 hukumomin tarayya take ɗaurewa, sashe na 27 na kundin 'yanci na 1982 kuma, wanda ya ce a fassara kundin ta hanyar da za ta kāre al'adu daban-daban na 'yan Kanada, yana nan daram ko da ƙudirin ya wuce. Ƙarfin da ya shafi rayuwar baƙo yana hannun Kwibek tuni: Doka ta 101 ta 1977 ta tilasta wa 'ya'yan baƙi shiga makarantun Faransanci, yarjejeniyar 1991 kuma ta ba lardin ikon zaɓar yawancin baƙin da ke zuwa aiki da kula da zamansu.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne yadda aka yi amfani da wannan iko. A 2019 gwamnatin Kwibek ƙarƙashin François Legault ta kafa Doka ta 21, wadda ta hana sababbin malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda sanya alamar addini a bakin aiki, ta kuma kāre ta da sashen tsarin mulki da ke ba lardi damar tsallake wasu haƙƙoƙi. Malamar da ta zo daga Aljeriya ko Maroko, wadda Faransancinta ba shi da aibi, ta cika sharaɗin harshe gaba ɗaya, amma hijabinta ya hana ta aikin koyarwa. Irin wannan malama ce za ta fi kowa son sanin abin da masu ƙudirin suke nufi su sa a madadin dokar tarayya, kuma rubutun ƙudirin bai wuce cewa dokar ba za ta yi aiki a Kwibek ba.