Ƙauyukan da tafkin Kainji ya cinye

Na je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna neman ƙauyen kakata, ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar Yawuri da ruwa ya shafe bayan kammala madatsar Kainji a 1968. Kowa ya san labarin tsohuwar Bussa, don an gina sabuwa an ba ta sunan. Ƙananan ƙauyukan Gungawa kuwa, wato mutanen tsibiran nan, shiru kake ji.

Rahotannin kimanta haraji na zamanin Turawa ne suka taimake ni. Jami'in gunduma kan zagaya ƙauye-ƙauye, ya rubuta sunan mai gari, yawan magidanta, dabbobi, abin da ake nomawa da sana'ar mutane. Haraji yake nema, ba tarihi ba, amma wallahi da na ga sunan ƙauyen a jerin, sai da idona ya ciko. Takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa.

Takarda ba ta san inda maƙabarta take ba, balle wa ya auri wa. Wannan sai bakin tsofaffi. 'Yan'uwa na Yawuri da Borgu, wanda ke da dattijon da ya rayu a tsibiran nan, don Allah ya tuntuɓe ni.