Wata tara da jar MGB ɗina, har yanzu ban taɓa kujerun ba

Ranar da aka sauko min da ita daga bayan babbar mota na fi minti ashirin ina zagaya ta ban ce uffan ba. MGB ce ƙirar 1969, ja, mai buɗaɗɗen sama, kujera biyu kacal, da bamba na ƙarfe mai ƙyalli gaba da baya. Tun ina yaro nake son irin motar nan, tun ban san sunanta ba, hotonta kawai na gani ya zauna min a rai. A garin Abingdon na Ingila aka riƙa ƙera su daga 1962 har 1980, idan aka haɗa da mai rufi wadda ake kira GT sun haura rabin miliyan, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuyar samu kamar na wasu tsofaffin motocin. Injinta 1798cc ne, silinda huɗu, kafireta biyu ƙirar SU, ƙarfin doki wajen 95. A lissafin motocin yanzu wannan ba wani gudu ba ne, amma kana zaune ƙasa-ƙasa kamar ka miƙa hannu ka shafa kwalta, iska na dukan fuskarka, ƙarar salansa a bayan kunnenka, gudun kilomita tamanin sai ka ji shi har cikin ƙashinka.

Abin da na tsara a raina a daren farko shi ne kujeru sababbi, sitiyari na katako, sai a goge fenti ya ɗau ido. Har na fara rubuta jerin abin da zan yi oda.

Kashegari wani dattijon bakanike da nake girmamawa ya zo ganinta, mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan motoci masu kafireta tun kafin kwamfuta ta shiga cikin inji. Ko bonet bai buɗe ba. Ya ciro ɗan ƙaramin mayen ƙarfe daga aljihu ya naɗe shi da ƙyalle don kar ya karce fenti, ya durƙusa ya fara bin dogon ƙarfen nan na ƙasan ƙofa da shi a hankali. Daga gaba yana kamawa, ya zo tsakiya yana kamawa sama-sama, yana kaiwa kusa da tayar baya sai kawai ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake gwadawa ya sake faɗuwa. Nace Baba lafiya dai? Yace ɗana nan wurin ba ƙarfe ba ne, foti ne aka cika aka fesa fenti a kai. Ya kwanta ya leƙa ƙasa ya danna sukudireba, ba da ƙarfi ba ma, na ji wani ɗan sauti kamar an taka busasshen ganye, sukudireba ta shige har rabi, garin tsatsa ja-ja ya zubo masa a hannun riga. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Sannan ya tashi ya nuna min ƙofa. Yace dubi ratar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota ta baya, ƙasa da faɗi, sama ta matse har tana neman cin fenti. Motar ta fara lanƙwasawa ta tsakiya kenan.

A nan na fahimci abin da ban sani ba lokacin da nake saye. MGB ba ta da shasi daban wanda aka ɗora bodi a kai, bodin shi ne shasin, a haɗe suke. Kuma tunda babu rufi a sama da zai riƙe gaba da baya, kusan duk nauyin wannan aikin yana kan waɗannan ƙarafan biyu na ƙasan ƙofa. Kowanne ba falle ɗaya ba ne, akwai na waje wanda ido ke gani, akwai falle a tsaye a ciki, akwai na ƙasa da ya rufe su suka zama kamar dogon akwati. Ruwa da laka suna shiga, ramukan da aka bari don ruwa ya fita su toshe, sai tsatsa ta fara ci daga ciki tana fitowa waje, kafin ka ga ƙuraje a fenti cikin ya riga ya tafi. Wanda ya yi aikin baya kitso ya yi a kan kwarkwata, ban san ko wane ne ba kuma ban tsaya nema ba, motar ta bi hannaye da yawa cikin shekara hamsin da wani abu.

Wata uku aikin walda ya ci. Abin da ya fi burge ni shi ne kafin a yanke komai sai da aka gyara zaman ƙofofin ratar ta daidaita, sannan aka walda sandunan ƙarfe a gicciye a bakin ƙofa don kar motar ta motsa, kuma gefe ɗaya aka fara, sai da aka gama shi tsaf aka taɓa ɗayan. Baba yace in ka yanke biyun lokaci guda toh ƙofar nan ba za ta sake rufuwa daidai ba har abada. Da aka gama aka fesa kakin hana tsatsa a cikin akwatin ta ƙananan ramuka, kuma yanzu duk sanda na wanke ta sai na zura waya a ramukan fitar ruwa na tabbatar a buɗe suke. Ga wanda tasa ta ci fiye da tawa, akwai kamfanin British Motor Heritage da tun 1988 yake buga sabon bodin MGB sukutum da ainihin na'urorin buga ƙarfen da aka yi na asali da su. Tawa ba ta kai nan ba alhamdulillahi, kuma ni dama na fi son in bar mata ƙarfenta na asali duk inda zai iya zama.

Bayan ƙarfe sai burki, a nan ban yi jayayya da kowa ba. Faifai ne a gaba, ganga a baya, kuma tawa layin mai ɗaya ne ke ciyar da ƙafa huɗun, ma'ana in tiyo ɗaya ya fashe burki ya tafi gaba ɗaya sai na hannu. Man da muka zubar ya koma kalar ruwan kwata. Man burki irin DOT 4 yana shan danshi daga iska a hankali, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Na canza tiyoyin roba duka, da robobin cikin silindojin ƙafa na baya. Tayoyin kuwa zanensu radau kamar sababbi, amma akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, nawa 1809 aka rubuta, wato sati na 18 a 2009. Robar ta bushe ta yi tauri ta fara tsagewa a tsakanin zane. Duk na cire su har da sifiya.

Sai ɓangaren da na fi jin daɗinsa, kuma nan ne na fara sa hannuna da kaina. In ka murɗa makulli kafin ka tayar za ka ji famfon mai a baya yana tik tik tik da sauri, sai ya rage, sai ya yi shiru in kafireta ta cika. Wannan ƙarar yanzu ita ce gaisuwarmu ta safe, in bai daina bugawa ba na san ko mai na zuba a wani wuri ko yana jan iska, sai in kashe in duba kafin komai. Tankin mun sauke mun wanke, tiyoyin fetur na sa irin na yanzu masu jure fetur mai haɗin itanol don tsohuwar roba ba ta jure shi, tana kumbura ta tsage, kuma tiyon fetur da ya tsage a saman salansa mai zafi ba abin wasa ba ne. Na'urar kashe gobara tana bayan kujera tun daga ranar.

Silo ɗinta, wato yadda inji ke aiki a tsaye ba a taka totur ba, bai zauna ba, yana hawa yana sauka, ni kuma hannuna har ƙaiƙayi yake in murɗa kafireta. Baba ya riƙe min hannu yace ɗana kafireta ita ce ta ƙarshe, mafi yawan abin da ake ɗora mata laifin wuta ne. Toh haka muka bi, bawul da farko inji a sanyi, ratar 0.015 na inci, sai kwantak, ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa mai raba wa fulogi wuta, shi ma ratarsa kusan haka, sai fulogi, sai wayoyinsu a jere 1-3-4-2, sai tayimin. Kafin mu iso kan kafireta rabin ciwon ya warke. SU abu ne mai sauƙi in ka buɗe shi, fistin ne a cikin wata ƴar tukunya yana hawa yana sauka da ƙarfin iskar da inji ke ja, yana ɗaga siririyar allura da ke auna mai, a samansa akwai murfi da ake ɗiga ɗan bakin mai don kar fistin ya yi tsalle in ka taka totur. Nawa ɗaya a bushe yake ƙaƙas. Daidaita su biyun kuma da guntun tiyo aka yi, baki ɗaya a kunne ɗaya a bakin kafireta, ka saurari huci na gaba ka saurari na baya, ka yi ta murɗawa kaɗan-kaɗan har sautin ya zama ɗaya. Na fi awa ina yi kafin kunnena ya fara rarrabewa, da ya zo daidai kuwa injin ya kwantar da murya, madubin gefe da yake ta rawa ya tsaya cak, na daɗe a tsaye ina saurare kawai.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sati biyu bayan haka ta fara wani hali, da sanyi lafiya lau, in ta yi zafi sai ta fara tari tana fizga, sau biyu ta mutu min a gefen hanya, in ta huce kuma ta tashi kamar ba ita ba. Na canza kwandensa, na canza kwayil, babu canji. Rannan da yamma na bar ta tana aiki a tsaye na haska tocila ina kallo ba tare da na taɓa komai ba, can sai na ga ɗigo ɗaya ya taru a ƙasan bawul ɗin hita da ke jikin kan inji, ya yi nauyi, ya faɗo daidai kan murfin distiributa da ke ƙarƙashinsa. Bayan ɗan lokaci wani ya sake faɗowa. Sai ruwan lagireto ya yi zafi matsi ya ƙaru yake fara ɗiga, shi ya sa da sanyi ba a ganin komai. Ɗan bawul ɗin na canza, na shanya murfin, shikenan.

Wayar lantarki ba ta ba ni wahalar da aka tsoratar da ni ba. Motocin Ingila na wancan zamanin kalar waya tana da ma'ana, ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir, fari sai an murɗa makulli, kore shi ma na makulli ne amma ya bi ta fiyus, baƙi kuma na komawa jikin mota. In ka haddace wannan rabin zanen wayar yana kanka. Yawancin matsalar mahaɗai ne da suka yi kore da tsufa, in cire in goge in shafa ɗan girisi in mayar. Batir ɗin ma sai da na neme shi, ba ya cikin bonet, guda biyu ne masu bolt 6 a ƙarƙashin wani murfi a bayan kujeru, an jera su sun ba da 12, kuma saboda wurin a ɓoye yake mutane na mantawa da duba su. Nawa kawunansu duk sun yi farin gari.

Yanzu ina da littafi a cikin aljihun mota, duk abin da na taɓa sai na rubuta rana da lambar mita. Bakin mai 20W-50 take sha, mai isasshen zinki don irin kamshaf ɗinta na da, wato sandar da ke buɗe bawul, yana buƙatarsa, kuma shi dai wannan man ake zubawa a giyabos, ba man giya mai kauri ba, wannan na akasul ɗin baya ne. Ƙafar gaba tana da bakunan girisi da motocin yanzu ba su da su, in ka bar su suka bushe sitiyari zai yi nauyi ƙarfe ya fara cin ƙarfe. An ƙera injin a zamanin fetur mai dalma wanda ke kare mazaunin bawul, don haka duk sanda nake auna bawul ina lura ko ratar na fitar hayaƙi tana raguwa, in ta fara sai a sauke kan inji a sa mazauni mai tauri. Kuma na daina tayar da ita minti biyar a gareji in kashe, wannan ruwa kawai yake tarawa a salansa da cikin mai, in za ta fita toh ta yi aƙalla rabin awa a kan hanya komai ya yi zafi sosai, ko da sau ɗaya ne a sati.

Asabar ɗin da ta wuce na fita da sassafe, na ja cok rabi don ƙara wa injin fetur tunda a sanyi yake, tik tik ɗin ya yi shiru, bugu ɗaya ta tashi. Da ta ɗumama na tura cok na hau doguwar hanya, allurar matsin mai tana zaune a kan sittin ba ta motsi, ta zafi a tsakiya. Ƙasan ƙofofin har yanzu fentin share fage ne mai toka-toka, bai dace da jan ba ko kaɗan, kujerar direba tana nan da yagewarta na rufa mata tawul. A kan hanyar dawowa na ji wani ƙwas daga baya duk sanda na haura tudun rage gudu, ina zargin robobin sifirin ne, na tsaya na rubuta a littafi. Baba yace in kawo ta ranar Talata mu ɗaga ta mu gani.