Godiya ga mutanen Agege da duk wanda ya zauna gabana a gasar chess ta ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, an kammala gasar chess ta ƙasa da aka yi a Surulere, an tashi lafiya. Saƙonnin da suka taru a wayata sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka ga amsa a dunƙule. Kofi dai ban ɗauko ba, kuɗi ma ban gani ba. A tsakiyar jadawali na ƙare: na ci wasu, wasu sun ci ni, wasu kuma mun yi kunnen doki. Masu tambayar a wane zagaye aka fitar da ni, ku sani ba a fitar da kowa a irin wannan gasa. Tsarin Suwis ake bi. Wanda ya ci yana da maki 1, kunnen doki rabin maki, kowane zagaye kuma a haɗa ka da wanda makinku ya zo ɗaya. In ka yi nasara da safe, da yamma a kawo maka wanda ya fi na safen zafi.

Godiyata ta farko ga Inna. Ba ta san yadda doki ke tsalle a allo ba, ba ta kuma damu ta sani ba, amma kowace asuba sai ta kira ta ce, "Allah Ya buɗe maka ido." Sai maigidana Alhaji na kasuwar Mile 12, wanda ya sake ni a daidai lokacin da motocin albasa ke sauka daga Arewa, ya kuma biya mini kuɗin rajista daga aljihunsa. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Ana samun abinci a harkar nan?" Na ce ranka ya daɗe, ba sosai ba. Ya yi dariya ya ce, "To je ka, kada dai ka ba mu kunya." Allah Ya ƙara buɗi, Alhaji. Yayana na Idi-Araba da maiɗakinsa su suka ba ni masauki, suka raba ni da gosulon Oshodi da Ojuelegba, wanda in da daga Agege nake tasowa kullum, da agogo ya cinye ni tun ban zauna ba.

Alƙalan wasa ma sun cancanci yabo. Ba su yi wa kowa sassauci a kan dokokin FIDE, hukumar chess ta duniya, ba: abin da ka taɓa shi za ka motsa, kowane motsi sai ka rubuta a takarda, waya kuwa ba ta shiga zaure. Minti 90 ake ba kowa, da ƙarin daƙiƙa 30 a kan kowane motsi, don haka wasa ɗaya yakan kai awa huɗu. Wani ɗan uwa Bayarabe daga Ilorin shi ya nuna mini inda ake alwala, muka riƙa haɗa sahu tsakanin zagaye da zagaye. Sanyin na'urar zauren ne kaɗai ban gode wa ba.

Amma godiyar da ta sa na zauna rubutun nan ta waɗanda suka zauna da ni bayan wasa ce. Al'adar 'yan chess ce in an gama a koma gefe, a sake jera allo, a bi wasan tun daga farko. Ba dole ba ne, wasu suna miƙa hannu su wuce. Ni dai Allah Ya haɗa ni da masu zama.

Akwai wata yarinya daga Ikorodu, ba za ta wuce shekara 12 ba, ƙafarta ma ba ta taɓa ƙasa in ta zauna a kujera. Ni ke da baƙaƙen kaya. Kowane gida a allo yana da suna, harafi da lamba. Sarkina yana g8, ruk ɗina, mai kama da hasumiya, yana e8, sojojina biyu suna g7 da h7, na layin f kuwa ya riga ya tafi a musaya. Dokinta yana g5. Ta kai sarauniya c4, cek, wato hari kai tsaye a kan sarki. Na koma h8, don in na je f8 sarauniyar za ta faɗo f7 a gama. Doki ya shiga f7, cek, na dawo g8. Doki ya tsallaka h6, nan kuma cek biyu ne a lokaci guda, na doki da na sarauniya, ba halin tarewa, ba halin cin dokin, sai dai sarki ya sake komawa h8, don f8 har yanzu mutuwa ce. Sai ta ɗauki sarauniyarta sukutum ta ajiye a g8, a bakin ruk ɗina. Sarki ba zai iya cinta ba don doki na tsaron gidan, dole ruk ya ci. Doki ya dawo f7. Shi ke nan. Sarkina a lungu, ruk ɗinsa da sojojinsa su suka toshe masa kowace ƙofa.

Na san wannan tarko. Tun a shekarar 1497 aka buga shi a littafi a ƙasar Sifen, kuma na sha warware irinsa a manhajar chess ta Lichess cikin daƙiƙa kaɗan ina zaune a teburin mai shayi. Malamin yarinyar, Allah Ya saka masa, shi ya nuna mini inda gizo ke saƙar. Ya ce a waya ana gaya maka akwai nama a daji, kai dai ka nemo shi. A gasa kuwa ba mai taɓa kafaɗarka ya ce duba nan. Abin da za ka koya shi ne alamomin da ke nuna lokacin ya yi: layin da ya buɗe ya nufi sarki, doki da ya matso kusa, kayan da ba mai tsaronsu, sarkin da ba shi da wurin numfashi. Ya mayar da allon baya kaɗan ya nuna mini cewa tun ranar gini aka yi zane. Daga lokacin da sojan f ya bar allo, yarinyar ta daina kallon komai sai layin da ya taso daga a2 zuwa g8.

Sai wani dattijo daga Enugu, tsohon ma'aikaci, da muka yi kunnen doki. Baba ya riƙe ni har aka fara kashe fitilu a kan motsi guda. Mun yi musayar bishof, kayan da ke tafiya a karkace, ya ci nawa, ni kuma na rama nan take kamar yadda kowa zai yi. Ya ce ramuwa ba ta gudu. Da na fara ba shi cek da sarauniya, sarkinsa ya matsa, sannan in ci bishof ɗin, da na haɗa da soja a kai. Dabararsa kuwa ba ta da wuya: kafin hannunka ya tashi, ka ƙirga duk cek da ke allo, duk abin da za a iya ci, duk barazana, naka da na abokin karawarka, ko da motsin ya yi kama da hauka. Na ce Baba ai lokaci zai ƙare. Ya ce minti 90 ɗin na mene ne?

Ban yi nisa ba na ga amfaninta. A wani zagaye na gaba ina da fari, sarauniyata da ruk suna jere a layin e, sarkin abokin karawata yana g8 a bayan sojojinsa uku da ba wanda ya taɓa motsawa, ruk ɗaya tak ke tsaron layin baya. Da a da ne, ba zan ko kalli e8 ba, wa zai ba da sarauniya a banza? Na ƙirga cek kamar yadda Baba ya ce. Sarauniya e8, ruk ya ci, nawa ruk ɗin ya rama a e8, wasa ya ƙare. Bawan Allah nan ya miƙo hannu yana murmushi, shi ma ya zauna muka bi wasan. Ya fi ni fahimtar buɗe wasa nesa ba kusa ba, na kuma ƙaru da shi a nan.

Matasa da yawa na gani suna tashi daga allo, su karɓi wayarsu, su zuba wasan a Stockfish, injin da ke nazarin wasa, su kalli lambobi su girgiza kai su tafi. Injin ya fi kowa a zauren iya wasa, ba musu. Sai dai ba zai gaya maka abin da mutumin da ke gabanka ya ji tsoro ba, ko abin da ya hango ya fasa. Wannan sai daga bakinsa, kuma a ganina rabin kuɗin rajistar nan shi mutum ya biya wa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Na bi jerin sunayen 'yan wasa, na Hausawa ba su cika hannu ba, alhali ga mu dam a Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago. Ba kuwa kan ne babu ba. Duk wanda ya taɓa ganin dattawanmu a kan dara, rami 30, kowa da 'ya'yansa 12, suna ɗana wa juna tarko tun daga jeri, ya san lissafin yana nan. Ɗan wasan chess Tunde Onakoya ya fara ƙungiyar Chess in Slums Africa a 2018 da yaran unguwannin talakawa a nan Legas, har da na ƙarƙashin gadar Oshodi. Tun da ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, ko a kasuwarmu an daina tambayata mene ne wannan allon. Yaranmu ba su fi waɗancan nisa da allo ba.

Don haka 'yan majalisarmu, ku da kuka haɗa mini kuɗin mota kuna tsokanata da "giranmasta", wato gwanin gwanayen chess, na gode, kuma ga aiki ya same ku. Duk takardun wasannina suna nan na adana. Ranar Lahadi bayan La'asar zan jera su a inda muka saba zama, mu fara da na yarinyar Ikorodu. Mai ƙane ko ƙanwa ya zo da su, mai tsohon allo a gida ya kakkaɓe shi ya kawo, ko da soja ɗaya ya ɓata za mu sa murfin kwalba. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci.