Makullin sarƙar babban babur ba aikin guduma ba ne

Yawancin baburan da ke shigowa rumfata a Sabon Garin Zariya, Boxer ne da Jincheng na 'yan acaɓa. Sarƙarsu lamba 428 ce, da kilif ake kulle ta. Wannan filaya ta ishe ka: ka tura kilif ɗin ya ce ƙas, ka tabbata rufaffen bakinsa ne ke kallon inda sarƙa take tafiya. In ka juya shi, wata rana tsakanin Kwangila da Samaru zai fice, mai babur ya dawo yana turawa yana ambaton sunanka.

Manyan babura masu sarƙa 520 ko 530 su ne ke da magana. Makullin da aka fi sa musu, wato gaɓar da ke haɗa bakunan sarƙar biyu, ba shi da kilif. Ƙusoshi biyu ne masu ɗan rami a kai, sai an buɗa bakinsu sannan su riƙe farantin waje. Abin da nake gani a gareji da yawa shi ne yaro ɗaya ya tokara ƙarfe ta baya, ɗayan ya yi ta kirɓa da guduma. Yana kamawa, ban musa ba. Amma guduma ba ta san iyaka ba. Ko ta tsaga bakin ƙusar, ko ta matse farantin har 'yan robobin da ke tsare giris a ciki su murƙushe. Daga nan gaɓar ta sandare, ƙurar hunturu ta samu ƙofa.

Abin aikin da nake amfani da shi bai fi tafin hannu ba, ɗan matsi ne mai noti, ana canza masa baki. Kafin in cire tsohuwar sarƙa sai na goge kan ƙusa da injin gurza, domin sandar turawar siririya ce, a kan ƙusar 530 karyewa take yi. Sai in shafe ƙusoshin sabon makulli da giris ɗin da ya zo a ledarsa, in zura robobi, in ɗora faranti. A nan ake zaman haƙuri. Ina matsawa kaɗan, in kwance, in auna faɗin gaɓar da ma'aunin milimita, in gwada da na maƙwabciyarta. Sai sun zo daidai nake tsayawa. Sannan in sa bakin nan mai tsini-tsini, in saita shi tsakiyar ramin ƙusa, in juya sufana kwata, in duba. Kwata, in duba. Buɗewar da ake nema ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma kowane kamfani yana da awonsa. Bayan na gama sai in lanƙwasa gaɓar da yatsu. In tana motsi kamar sauran, aiki ya yi.

Wani mai Honda daga Gyallesu ya gaji da zaman benci, ya ce, "Oga, ai a unguwarmu kafin in sha ruwan leda an gama." Na ce, "Alhaji, wannan babur da kake bin hanyar Kaduna da shi, in sarƙa ta tsinke ba faɗuwa ƙasa kawai take yi ba. Tana iya fasa murfin inji ko ta naɗe a taya." Ya koma ya zauna.

Makullin nan sau ɗaya ake kafa shi. In baki ya tsage, sai a gurje a sa wani, shi ya sa nake cewa mai babur ya sayo biyu tun daga kasuwa, kuma na kamfanin da ya yi sarƙar, don na wani ba lallai ya hau ba ko da lambarsu ɗaya.