Farinka ita ce takardar

Hoton da na zaɓa in kwaikwaya shi ne na yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wanda Johannes Vermeer ya zana wajen 1665, yake rataye yanzu a gidan tarihi na Mauritshuis a ƙasar Holan. Shi da fentin mai ya yi aikinsa, ni kuwa fentin ruwa nake koyo, kuma wannan bambancin ne ya fi koya mini abu.

Mai fentin mai yana iya farawa da duhu, ya ɗiga fari daga ƙarshe. A fentin ruwa babu wannan gatan. Farinka ita ce takardar kanta, in ka rufe ta sai dai haƙuri. Shi ya sa tun buroshi bai taɓa ruwa ba na ɗauki fensir na kewaye inda ba zan shafa ba: ƙyallin idanu, danshin leɓen ƙasa, farin wuyan riga da hasken lu'ulu'un.

Wanda ke kwaikwaya dole ya ƙura ido fiye da mai kallo. A nan na lura lu'ulu'un nan da ake ta zuzutawa ɗigon haske ne a sama da ɗan shafe a ƙasa, ko maƙalin da ya riƙe shi a kunne babu. Karan hancin ma ba shi da layi, ya saje da kuncin da ke bayansa. Hannu yana ƙaiƙayin ja masa iyaka, amma kana ja fuskar za ta sandare. Abin da na yi shi ne jiƙa wurin da ruwa zalla, na bar launin ya bazu da kansa.

Launin fata kuwa rawaya mai ruwan ƙasa ce da ɗan ja, sai shuɗi kaɗan a inuwa, shafe bisa shafe, kowanne ya bushe ƙayau kafin na gaba. Fentin yana kwanciya idan ya bushe, don haka kar kaifinsa yana ɗanye ya ba ka tsoro. Takardar auduga mai kauri, wadda kowane murabba'in mita nata ke da nauyin giram 300, tana jure wannan jiƙon.

Bayan hoton na bari ƙarshe. Wani bincike da aka yi wa hoton a 2018 ya nuna asali koren labule ne a bayan yarinyar, inda yanzu duhu kawai ake gani, sai na haɗa kore mai duhu maimakon baƙi. Har lokacin inuwar kunci kamar datti take a idona, ina zuba duhun nan ta koma daidai. Yanzu ba na yanke wa fuska hukunci sai na rufe bayanta.