Shigar da plasmid cikin E. coli a zafin Zariya

Plasmid ɗan zoben DNA ne da ake shigarwa cikin ƙwayoyin bakteriya irin su E. coli; a nan yana ba su kariya daga wani maganin kashe bakteriya. Duk mai wannan aiki a ɗakin gwaji a Zariya, ƙanƙara zai fara tanada, musamman a watan Afrilu. Ƙwayoyin E. coli da aka wanke da calcium chloride, sinadarin da ke shirya su karɓar DNA, ba sa jure ɗumi. Da sun ɗumama a hannu, yawancinsu ba za su karɓi DNA ba.

A zuba DNA ɗin plasmid mikrolita 2 cikin ƙwayoyi mikrolita 50 (mikrolita 1,000 ne mililita ɗaya), a bar su minti 30 a kan ƙanƙara. Sai a tsoma bututun cikin ruwa mai zafin digiri 42 na daƙiƙa 45, a mayar kan ƙanƙara minti 2.

Daga nan ne ake yawan yin gaggawa, kuma abin yana damuna. Ƙwayoyin na buƙatar awa guda cikin ruwan LB (abincin bakteriya) marar magani, a digiri 37, domin su fara ƙera furotin ɗin da zai kare su daga maganin da ke cikin farantin da za a shimfiɗa su a kai, ampicillin ko kanamycin. Da ampicillin aikin kan yi kyau ko da an gajarta lokacin. Da kanamycin kuwa faranti zai wayi gari fayau, domin maganin yana hana ƙera furotin tun daga farko.

Farantin ampicillin kada ya wuce awa 16: maganin yakan lalace kewaye da kowane tsiro (tarin ƙwayoyin da suka hayayyafa wuri ɗaya), ƙananan da ba su da plasmid su fito.